Hannun Umma Da Safe

Shafi na 27

Masu cika mini waya da "ina ci gaban?" tun ban wanke ido ba, to ga shi, ku sarara mini. Ke kuma da kika ce in wani abu ya sami Auta za ki daina karantawa, gyara zama, ni ma ba son raina ba ne.

*

Ƙarfe shida da 'yan mintoci faya ta fashe.

Auta na tsaye a bakin ƙofar banɗaki, kafaɗarta jingine da bango, tana jiran gwiwoyinta su yarda cewa gari ya waye, sai ta ji ɗumi na bin cinyarta har ƙasa. Ta dubi ruwan, ta dubi taga. Tun asuba ake yayyafi, sanyi ya shige ko'ina. Kai jama'a, duk safiyoyin duniyar nan ɗan cikin nan ya rasa wadda zai zaɓa sai irin wadda ke sandarar da jikin uwarsa.

"Tela!" Haka take kiran mijinta tun kafin aure, lokacin da yake ɓata mata ɗinki da gangan don ta dawo shago. "Tela, zo!"

Ya fito da burushi a baki, kumfa har haɓa.

"Ƙafar ce kuma?"

"Wace ƙafa? Dubi ƙasa."

Ya duba. Burushin ya faɗi.

"Innalillahi! Ba saura sati biyu ba?"

"Sai ka tambaye shi. Kira mini Umma."

Shekara goma sha ɗaya ke nan Auta na fama da amosanin gaɓɓai. Ya raba ta da sana'ar kitso, ya karkatar mata da yatsu, ya kama ƙugu ya ƙi saki. Haihuwarta ta fari a asibiti aka yi. Aka kwantar da ita rigingine, mata biyu suka banƙare mata ƙafafu, tana ihu tana cewa ƙugunta ba ya buɗewa haka, suna cewa raki ne. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta yi wata biyar ba ta taka ƙasa ba. Shi ya sa a wannan cikin ta kafe: a gida za ta haihu, a tsaye, kuma hannun da zai karɓi ɗan nan na uwarta ne, wadda duk unguwa ke kira Sista saboda shekara talatin da biyu da ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti. Likitan ma da ƙyar ya yarda, kuma don darajar Sista ya yarda.

Komai an shirya. Teburin yankan yadi na Tela aka hau da shi falo, aka ɗaga ƙafafunsa da katako yadda Auta za ta kifa ƙirji a kai ba tare da ta durƙusa ba. Filo biyu, leda, tawul shida wankakku. Sun gwada tsayuwar nan ba adadi, Umma na bayanta tana nuna yadda za ta tara hannu.

Sai da wayar ta kusa tsinkewa Umma ta ɗauka.

"Umma, faya ta fashe!" in ji Tela.

"Umma, kina jina?"

"Yanzu? Da safen nan?"

"Yanzun nan!"

"To. Ga ni nan."

Tafiyar minti goma ce tsakanin gidajen, ko da mutum na tsayawa gaisawa.

Shida da rabi, shiru.

Tela ya shimfiɗa leda, ya kwashe, ya sake shimfiɗawa. Ya leƙa taga. Ya buɗe ƙofa ya leƙa matattakala. Ya dawo ya tambaye ta ko za ta sha shayi, ta yi masa wani kallo, ya koma taga.

"Zauna mana, kana juya mini kai."

"Ke ki zauna tukuna."

"In zan iya zama ai da ba mu hau da teburinka ba."

Ciwon ya taso daga baya ya zagayo mara. Ta kifa kan teburin, tana son ta damƙe filo amma yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, sai ta cusa fuska a ciki ta cije shi. Da ya lafa ta ɗago, zufa ta jiƙe mata wuya duk sanyin nan.

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura biyar."

"Sake kira."

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya kira maƙwabcinsu direba da ke zaune a hawan ƙasa, wanda ya yi alkawarin motarsa na nan ko da ta-kwana. Direba ya ce ai shi tun jiya ya yi lodi ya bar gari, ba cewa aka yi sai nan da sati biyu ba?

"Bari in ruga in ɗauko Umma."

"Ka bar ni ni kaɗai? In na zame wa zai ɗaga ni?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya rasa na yi.

Naƙudar nan ba irin ta fari ba ce. Waccan ta wuni tana jan ƙafa, wannan kuwa kamar ana korar ta. Kafin wani ya gama sakin ta wani ya kama. Auta ta fara jin tsoro, tsoro na gaske.

Bakwai da minti ashirin aka buga ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba, dukan ƙafa ne daga ƙasa, gaf-gaf.

Tela ya buɗe. Umma ta shigo a jiƙe, ba lema, jakar aikinta rataye a gwiwar hannu. Ɗankwalinta ɗora shi kawai aka yi ba ɗauri, matar da ko shara za ta fitar sai ta kafa ɗauri.

"Umma, lafiya? Tun ɗazu muke..."

"Da ba lafiya ba za ka gan ni? Matsa mini. Ajiye jakar nan a kujera, zuge ta. Ka dafa ruwa, mai zafi sosai, ka zubo a babbar roba. Me kake kallo? Maza!"

Muryar nan ta Sista ce, wadda ke sa ƙananan ma'aikata ɓuya a bayan ƙofa. Jin ta kawai sai hankalin Auta ya ɗan kwanta.

"Umma, kin daɗe."

"Na zo ai. Tun yaushe yake matsowa kusa-kusa?"

"Tun kafin bakwai."

"Ruwan da ya zuba fari ne ko da launi?"

"Fari."

"Madalla. Numfasa. Ba na son ihu tun yanzu, ajiye ƙarfinki."

Tela ya kawo robar tana tururi. Umma ta ce ya ajiye a kan kujera ya fita, nan ba wurin maza ba ne. Ya fita da sauri har da godiya a fuskarsa, ya ja ƙofar ɗaki.

Umma ta juya wa Auta baya, ta tsoma hannu biyu cikin ruwan.

Ciwo ya zo ya wuce. Hannun na cikin ruwa.

Wani ya zo ya wuce. Hannun na nan dai cikin ruwa.

Auta ta kwantar da kunci a kan filo tana kallon bayan uwarta. Ba sabulu. Ba cuɗawa. Kafaɗun ne kawai ke ɗan motsi, irin motsin mai ƙoƙarin buɗe yatsu da rufe su a ɓoye. Wannan tsayuwar ta san ta. Ita ce tsayuwarta ta kowace safiya, shekara goma sha ɗaya, a gaban roba irin wannan.

"Umma."

"Na'am."

"Wankin hannun bai isa ba?"

"Ke za ki koya mini aikina?"

Ta zaro hannun, ta goge a jikin zane. Ta kai kan ledar safar hannu da ke bakin jaka, ta ɗauko ta tsakanin tafi biyu kamar mai ɗaukar kwano mai zafi. Ta gwada yagewa, ledar ta sulluɓe. Ta sake, ta sulluɓe. Sai ta kai baki ta yage da haƙori.

Safar ta fito. Ta cusa yatsu, suka tsaya a rabi. Ta ja da ɗaya hannun, babban yatsa ya ƙi kama bakin robar. Safar ta faɗi ƙasa.

Ruwan sama ya ƙara ƙarfi a kan kwano.

"Umma, juyo."

"Bari in ɗauko wata."

"Juyo ki nuna mini hannunki."

"Ke Auta, ki ji da abin da ke gabanki."

"Shi ne a gabana! Dunƙule hannunki in gani."

"Ba na son rashin kunya."

"Dunƙule, Umma! Don Allah dunƙule!"

Umma ta juyo a hankali. Ta ɗaga hannun dama. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, zoben da Auta ta sani tun tana yarinya babu shi, sai farin zagayen wurinsa. Ta yi ƙoƙarin dunƙulewa. Yatsun suka taho rabin hanya suka tsaya.

Auta ta ƙura wa yatsun ido.

"Tun yaushe?"

Umma ta sauke hannun.

"Tun yaushe, Umma?"

"Shekara uku."

"Uku!"

"Ba gajiya ce ta sa na ajiye aiki ba, kamar yadda na gaya muku. Almakashi ne ya faɗi daga hannuna a ɗakin haihuwa, ana jirana in yanke cibiya. Yarinyar da nake koya wa aiki ce ta ɗauka ta yanke. Washegari na rubuta takarda."

Sai abubuwa suka dinga faɗo wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Yadda Umma ta ƙi tarewa a gidan a watan ƙarshe, wai ita ba ta kwanan gidan suruki. Yadda ba ta taɓa zuwa kafin azahar ba. Yadda duk gwajin da suka yi a gaban teburin nan da yamma suka yi shi, lokacin da rana ta gasa gari, lokacin da ita kanta Auta ke iya riƙe cokali. Ita da ta fi kowa sanin ciwon nan, ita aka rufe wa ido da shi.

"Kin san haka, kika bar ni na ce wa likita hannunki ya ishe ni?"

"Da rana yana sakewa. Wallahi yana sakewa, kin gani da idonki. Daga sha ɗaya zuwa dare babu abin da ba na yi."

"To yanzu ƙarfe nawa?"

"Ku biyar na haifa, duk da yamma. Ke ma haihuwarki ta fari da yamma ta zo. Na ce jinin gida ne, wannan ma..."

"Umma! Ke? Ke da kika karɓi haihuwa shekara talatin da biyu, ke ce za ki yanka wa naƙuda lokaci?"

Ciwon ya katse ta. Wannan karon da nishi ya zo, nishin da ba ita ta kira shi ba. Ta danna goshi a teburin, ƙugun na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Umma ta matso ta dafa mata baya da tsintsiyar hannu.

"Kada ki taɓa ni!"

Umma ta janye.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" Auta na haki, hawaye da majina sun haɗe. "Me ya sa?"

"In faɗa ki yi yaya? Ke da kika rantse in ba hannuna ba babu mai taɓa ki? In faɗa ki koma can su sake karya ki? Ni na yi jinyarki wata biyar, ni na dinga ɗaga ki ina kai ki banɗaki. Ba zan iya sake gani ba."

"Da sai a nemo wata ta tsaya kusa da ke!"

"In nemo wa? Yaran da na koya wa aiki? In ce musu Sista ba ta iya sa safar hannu?"

"Au, girmanki kike ji? Girmanki ya fi ɗana?"

Maganar ta doki Umma.

"Ba shi kaɗai ba ne."

"Saura me kuma?"

"Shekara goma sha ɗaya kina tambayata daga ina ciwon nan ya same ki, ina ce miki ban sani ba, babu mai shi a dangi. Ƙarya na yi miki. Uwata da shi ta rasu, a kwance, ana ba ta abinci a baki, tun ba a haife ki ba. Daga wurina kika ɗauko shi, Auta. Na kasa kallon idonki in faɗa. Da ya fito a hannuna sai na ga in kin gani kin gane."

Auta ta rufe ido. Da wata ranar ce, da ta rungume uwarta sun yi kuka tare. Yau ba ta da wurin ajiye tausayi, kan ɗa na danna mata ƙashi.

"Na binne ɗaya, Umma. Ko fuskarsa ba a bari na gani ba. In wannan ma ya tafi saboda shirunki, ban san da wane ido zan ƙara kallonki ba."

Ba ta taɓa gaya wa uwarta magana irin wannan ba. Ta faɗa, kuma ba ta janye ba.

Umma ta share fuska da gefen mayafi. Da ta sake magana, muryar Sista ce ta dawo.

"Wannan kuma sai an sauka. Tela! Fito!"

Ƙofar ta buɗe tun ba ta rufe baki ba. Daga ganin idonsa ya ji komai. Waya na kunnensa.

"Na kira motar asibiti. Sun ce ga su nan, amma ruwa ya cika hanya, motoci sun cushe. Umma, in goya ta mu sauka mana, ko a bakin titi ma samu..."

"Hawa uku? Da ƙugun da ba ya buɗewa? Ta ina za ka goya ta?"

"To in kira maƙwabta mu ɗauke ta a kujera!"

"Tsaya in duba. Hannu ne ya ƙi, ido na nan. Haska mini da wayar."

Ta dafa gefen teburin da gwiwar hannu, ta sunkuya da ƙyar. Ta ɗago nan take.

"Ba inda za a je. Ga gashin kai nan."

Tela ya ja baya har ya bugi keken ɗinki.

"To wa zai... bari in kira maƙwabciyarmu ta ƙasa..."

"Ta tafi aiki, na gamu da ita a matattakala. Zo nan. Miƙo hannunka."

"Ni?"

"Akwai wani Telan a ɗakin nan?"

"Umma, ki rufa mini asiri. Ni ko allura ta soki yaron shago sai na kau da kai. Wallahi jiri nake ji."

"Ka ji jirinka anjima. Shekara tara kana aurenta ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ara mini hannunka."

"Ban iya ba!"

"Ni na iya. Kai dai ka yi abin da na ce, kada ka ƙara kada ka rage."

Ya dubi Auta. Ita ba ta iya juyo wuya sosai, da gefen ido ta same shi.

"Tela," ta ce, muryar ta dushe, "kai da kake zura zare a allura kana hira ba ka kallo. Zo ka karɓi ɗanka."

Bawan Allah, ya naɗe hannun riga. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwa yadda Umma ta ce, ya sa sabuwar safa a karo ɗaya. Umma ta bi safar da kallo, ta kau da kai.

"Durƙusa a bayanta. Tawul a cinyarka. Auta, buɗe iyakar inda ƙugun ya yarda, kada ki tilasta. Ya isa haka. In ya taso ki bi shi."

Ya taso.

"Yi nishi! Ƙasa, ba a wuya ba! Ƙara! Ƙara!"

"Ƙafata za ta sake!"

"Ba za ta sake ba, ga ni."

Umma ta cusa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar Auta ta tokare ta da jikinta duka. Auta ta ji ƙashin uwarta na rawa a jikinta, ta ji ɗan nishin da take ɓoyewa. Ba ta ce kada ta taɓa ta ba.

"Kai kuma tara tafinka a kan, kada ya fito da ƙarfi ya yaga ta. Tare shi kawai. Yadda kake tare yadi mai santsi a bakin keke, ba ka ja, ba ka turawa."

"Yana tahowa! Umma, yana tahowa!"

"Na sani. Auta, tsaya da nishi. Hura iska. Hura, hura, hura."

"Ba zan iya tsayawa ba!"

"Za ki iya. Hura!"

Wani zafi ya ratsa ta kamar an ɗora wuta, sannan ya sassauta.

"Kai ya fito!" Muryar Tela ta koma ta yara. "Ga fuska! Umma, ga fuska, tana kallona!"

"Bar kallon fuska. Zura yatsa a wuyansa. Me ka ji?"

"Akwai... akwai wani abu kamar igiya."

"Zagaye nawa?"

"Ɗaya. A'a, biyu. Biyu ne!"

Auta ta ji jikin Umma ya ƙage. Ta saki Auta, ta zame ƙasa, gwiwoyinta suka bugi siminti da ƙarar da ta sa Tela ya runtse ido. Ta kai hannunta wurin da kanta, hannun da ya warware irin wannan sau ɗari. Yatsan ya taɓa cibiyar, ya kasa lanƙwasawa ya shiga ƙarƙashinta. Ta sake gwadawa. Ta janye hannun ta dafe shi a ƙirji.

"Kai za ka yi. Yatsa ɗaya a ƙarƙashi. Sassauta a hankali, kamar zare ya naɗe maka a ƙafar keke kana tsoron ya tsinke. Ya ba da wuri?"

"Kaɗan."

"Zagayo da shi ta saman kai. Yauwa. Saura ɗaya."

"Wannan ya matse, Umma. Ya matse sosai."

"Me ke faruwa?" Auta ta yi ƙoƙarin waigowa, wuyan ya ƙi, ƙugun ya ƙi, gwiwar hannunta ta kafe a kan tebur. Bango kawai take gani da kalandar shago. "Ku gaya mini! Me ke faruwa?"

"Babu komai. Bar shi haka, Tela, za mu fito da shi ta ciki. Riƙe kan kusa da cinyarta, kada ka nisanta. Auta, yanzu nake son ƙarfin nan da na ce ki ajiye. Duka. Yi!"

Ta yi. Ta yi da ƙugun da aka ce ba zai iya ba, da yatsun da suka buɗe a kan tebur sun kasa damƙar komai, ta yi har duhu ya gilma mata. Sai ta ji abu ya sulluɓe gaba ɗaya, nauyin wata tara ya bar jikinta.

"Ya fito! Na riƙe shi! Namiji ne, Auta, namiji..."

Muryar ta mutu a nan.

Auta ta jira. Ta san abin da ke biyo baya, kowa ya sani. Ta kasa kunne.

Ruwa kawai ke dukan kwano.

"Me ya sa bai yi kuka ba?"

"Warware cibiyar. Maza. Kwantar da shi a tawul. Goge shi, goge bayan da ƙarfi. Da ƙarfi na ce, ba zai karye ba!"

"Umma, me ya sa bai yi kuka ba?"

"Canza tawul. Murza tafin ƙafar. Juyo shi rigingine, daidaita kan, kada haɓar ta faɗa ƙirji."

"Jikinsa ya saki, Umma. Dubi hannunsa, ya saki..."

"Rufe mini baki ka riƙe kan!"

"Tela! Tela, juyo da ni! Ku juyo da ni in gan shi! Kada ku yi mini irin na wancan, ku bar ni in gan shi!"

Babu wanda ya zo. Babu hannun da ya rage a ɗakin.

Ta ji Umma ta ja jiki a kan leda. Ta ji ta ja numfashi, sannan wani ɗan sauti siriri, na iskar da ake hurawa a hankali cikin ƙaramin baki.

"Ɗaya," in ji Umma.

Shiru. Iska.

"Biyu. Ƙirjin na ɗagawa?"

"Yana ɗagawa."

"Uku."

Auta ta daina ihu. Ta manne kunci a teburin tana ƙirgawa tare da uwarta, leɓenta na motsi ba sauti. Huɗu. Biyar.

Ta ji Umma ta kifa kunne, ta ji tsakin da ta yi.

"Ruwan nan bai bar ni na ji komai ba. Yatsuna kuma sun mutu, ko wuta na taɓa ba zan sani ba." Muryar Sista ta tsage a tsakiya, ta koma muryar tsohuwa. "Ɗana, cire safar. Kama gindin cibiyar da yatsu biyu, nan daidai cikinsa. Kada ka matse. Ka natsu."

Robar safar ta yi ƙara.

"Ka kama?"

"Na kama."

"Yana bugawa?"

"Tela!" Auta ta ce. "Yi magana!"

"Ina jin bugu, Umma." Kuka ya ci ƙarfinsa. "Ina jin bugu, amma wallahi ban sani ba ko nasa ne ko nawa."